Hajiya ta yi allo, ba ta yi boko ba: me laburare zai yi mata?

Tambaya: Ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York. Mahaifiyata ta zo wurinmu daga Damagaram shekara uku ke nan, shekarunta 56. Ba ta yi boko ba, allo ta yi har ta sauke. Ko asibiti za ta je sai na bar aiki na raka ta. An ce mini laburaren gwamnati yana haɗa mutum da wanda zai riƙa koya masa Turanci kyauta. Da gaske ne? Za su nemi takardu? Kuma wanda ba malami ba, aikin sa kai kawai yake yi, zai iya koyar da babbar mace kamarta?

Amsa: 'Yata, sannu da ɗawainiya, Allah ya yi miki albarka, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Da gaske ne. Na yi shekaru ina wannan aiki a wani laburare da ke wata jiha ta tsakiyar Amurka. Ni ce nake ganawa da manyan da suka zo neman Turanci, in horar da masu aikin sa kai, in duba wa ya dace da wa, sannan in riƙa bin sawu in ga ko tafiyar ta miƙe.

Abin ya daɗe. A 1962 wata mata mai suna Ruth Colvin, mazauniyar garin Syracuse a nan jiharku, ta ga ƙidayar 1960 ta nuna mutum sama da 11,000 a garinsu ba sa iya karatu. Sai ta tara 'yan uwanta mata suka fara koyar da manya ɗaya bayan ɗaya. Kafin ita akwai Frank Laubach, ɗan mishan da ya yi aiki cikin al'ummar Maranao a ƙasar Filifin a shekarun 1930, wanda ya yaɗa tsarin nan na duk wanda ya iya ya koya wa mutum guda. Ƙungiyoyinsu biyu sun haɗe a 2002 suka zama ProLiteracy, kuma har gobe horo da yawa da ake yi wa masu sa kai daga wannan gida ya samo asali. Laburare ya shigo ciki ne don yana da abin da ƙungiyoyin ba su da shi: ɗaki mai ɗumi a kusan kowace unguwa, littattafai, da ƙofar da ba a tambayar mai shiga me ya kawo shi.

A New York laburare kashi uku ne, kowanne da hukumarsa. Brooklyn na da nata, Queens na da nata, ku kuma a Bronx kuna tare da Manhattan da Staten Island. Na Queens ya yi suna a wannan fanni, tun 1977 yake da sashe na musamman don baƙin da suka zo ƙasar. Amma ki san cewa a manyan birane irin naku an fi ba da ƙarfi a kan aji, inda malamin da ake biya yake koyar da mutum goma sha biyar ko ashirin, da kuma zaman hira wanda masu sa kai suke jagoranta, a zauna a tattauna kan kasuwa ko yanayi ko abinci. Koyarwar mutum da mutum, wadda aka ba ki labari, ta fi yawa a ƙananan garuruwa da kuma jihar Kalifoniya, wadda tun 1984 take ware wa laburarenta kuɗi don haka. Kada ki shiga ki ce a ba ki malami guda ki tsaya nan. Ki je babban reshen da ke titin Kingsbridge, ko wanda ya fi kusa da ku, ki nemi mai kula da ilimin manya, ki tambaye ta duk abin da suke da shi, da ƙungiyoyin unguwa da suke tura mutane wurinsu. Rajistar aji lokaci-lokaci ake buɗe ta cikin shekara, kuma gurbi yana cika da wuri. Ki sa sunan Hajiya a layin jira fiye da ɗaya. Ba laifi ba ne, kowa haka yake yi.

Batun takardu. Katin laburare kyauta ne ga mazaunin jihar, abin da ake so kawai shaidar suna da adireshi. Katin shaida na birnin, IDNYC, wanda aka fara bayarwa a 2015 ba tare da duba matsayin zaman mutum ba, ya isa. Jihar New York tana da dokar da ta hana a bayyana bayanan mai amfani da laburare sai da izininsa ko umarnin kotu, kuma kusan dukkan jihohi suna da irinta. Inda za ki sa ido shi ne asalin kuɗin da ake tafiyar da shirin. Shirin da ke cin kuɗin gari ko na masu ba da taimako ba ya cika tambayar komai bayan suna da lambar waya. Wanda ke cin kuɗin tarayya ƙarƙashin dokar 2014 ta horar da ma'aikata yana da fom mai tsawo da jarrabawar auna mataki. A watan Yulin 2025 Ma'aikatar Ilimi ta tarayya ta sanar cewa irin waɗannan shirye-shirye su taƙaita ga masu izinin zama, jihohi da dama har da New York suka garzaya kotu. Saboda haka ki yi tambayar kai tsaye kafin a cika fom: me za ku nema, kuma wa zai gani? Ma'aikaciyar kirki ba za ta ji haushi ba.

Yanzu ga inda na fi so ki saurare ni. Kin ce Hajiya ba ta yi boko ba. Ranar ganawar farko za a tambaye ku shekara nawa ta yi a makaranta. Na san abin da bakinki zai faɗa: ba ta yi ba. Kada ki faɗi haka.

Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure, tun ina sabuwa. Wani dattijo ɗan ƙasarmu ya zo da ɗansa, na tambaya, ɗan ya ce baba bai yi makaranta ba, na rubuta sifili na wuce. Na haɗa shi da wata baiwar Allah mai zuciyar kirki, tsohuwar malamar ƙananan yara. Ta zo masa da littafin haruffa mai hoton kyanwa da ƙwallo, tana tafa masa in ya faɗi daidai. Sau uku ya zo, bai sake dawowa ba, bai kuma ce komai ba, kin san halin manyanmu. Sai daga baya na ji cewa mutumin nan shekara da shekaru yana rubuta lissafin kasuwancinsa da ajami, kuma shi ake kira ya ja baƙi a unguwarsu. Laifin ba na malamar ba ne, abin da na rubuta mata ta bi. Tun daga ranar na daina tambayar makaranta. Sai in ajiye biro da takarda in ce a rubuta mini duk abin da aka iya, da kowane irin rubutu.

Wanda ya sauke Alƙur'ani ya riga ya haye kogin da ya fi kowane wuyar hayewa a koyon karatu. Ya san cewa zane a kan takarda yana ɗauke da sauti, cewa in an haɗa sautuka kalma ce ke fitowa. Mu da muka iya tun muna yara muna ganin wannan kamar ba komai ba ne, amma babban da bai taɓa riƙe alƙalami ba yakan yi watanni kafin abin ya zauna masa. Masana sun ware wa irin waɗannan ɗalibai fanni na kansu, har suka kafa ƙungiyar LESLLA a garin Tilburg na ƙasar Holan a 2005, don sun ga cewa hanyar da ake koyar da mai digiri daga wata ƙasa ba ta yi wa wanda bai taɓa karatu ba. Hajiya ba ta cikin na farko, ba ta kuma cikin na biyu. Ta yi babbaƙu, ta yi farfaru, wato ta koyi baƙaƙe tukuna sannan aka ɗora mata wasula, kuma kusan haka ake koyar da haɗa sautin Turanci. Hannunta ya saba da alƙalami. Tana da ƙarfin hadda wanda malamar ba ta taɓa gani ba. Ta san zama a maimaita abu sau hamsin ba gajiya. Duk wannan jari ne, sai dai fom ɗin ba shi da gurbinsa, don haka ke za ki faɗa da bakinki. Ki ce tana karanta rubutun Larabci tun tana yarinya, shekara kaza ta yi tana koyo, harafin boko ne sabo a wurinta. In tana rubuta Hausa da ajami, ta rubuta a gabansu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Amma tarbiyyar allo tana da ɓangaren da zai iya rufe wa malamar ido, gara a faɗa mata tun wuri. Hajiya za ta iya haddace hira guda cif, tambaya da amsa, ta kawo ta mako mai zuwa ba tuntuɓe, malamar ta yi ta murna, alhali in aka juya tambayar kaɗan sai a ji shiru. Kuma an raine ta a kan cewa ba a ja da malami, ba a ce masa ban gane ba. Za ta gyaɗa kai ta ce to. Malamar da ta san haka ba za ta riƙa tambayar ko an gane ba, sai ta ce a nuna mata, ko a ɗauko mata, ko a kira ta a waya a gwada. Sannan akwai juyin hannu, daga hagu zuwa dama, da manya da ƙananan haruffa waɗanda Larabci ba shi da su. Waɗannan ba sa daɗewa.

Akwai gajeriyar hanya da ke hannunki, ba hannun laburare ba. Ki koya mata bokon Hausa a gida. Rubutun Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, shi kuwa Turanci harafi guda sai ya yi sauti uku ko huɗu, wani ma a rubuta shi ba a furta shi. In ta fara sanin haruffan da kalmomin da take ji, gida, ruwa, tuwo, sunayen jikokinta, to ranar da ta shiga Turanci da abu ɗaya kawai za ta yi kokawa, ba biyu ba. Ki dai gaya wa malamar cewa harafin c a wurinmu sautinsa dabam ne, kada ta ɗauka rikicewa ce. Kuma a bar ta ta riƙa rubuta lafazin sababbin kalmomi da ajami a gefen littafinta. Na ga malaman da suka hana, suna cewa zai ɓata koyo. Ban taɓa ganin ya ɓata ba.

Lafazi kuwa, abubuwa kaɗan ne za su dame ta, kuma sanannu ne. P da f a bakin Bahaushe ɗaya suke, v takan koma b, sannan harshenmu ba ya son baƙaƙe biyu ko uku a jere sai ya cusa wasali a tsakani. Shi ya sa muka sami burodi da direba. Wasulanmu biyar ne, kowanne da dogo da gajere, na Turanci sun fi haka yawa. Malama mai hankali za ta gyara wanda ke hana a fahimce ta kawai, kamar bambancin fifteen da fifty, wato sha biyar da hamsin, wanda kuɗi da adadin magani suka rataya a kansa. Sauran a ƙyale mata. Mai shekara 56 ba za ta yi magana kamar haifaffiyar Bronx ba, ba kuma shi aka zo nema ba.

To, wanda ba malami ba zai iya? Ga gaskiyar abin da na gani. Mai sa kai yakan sami horon da bai wuce awa goma sha biyu zuwa ashirin ba, a bincika tarihinsa, ya yi alkawarin wata shida ko shekara, suna haɗuwa da ɗalibi a cikin laburare awa ɗaya da rabi ko biyu a mako. A wajen buɗe baki, cire tsoro, da koyon Turancin da ake buƙata gobe da safe, babu aji da ya kama ƙafarsa, domin duk lokacin na mutum guda ne. A cikin aji na mutum ashirin, mace mai kunya kamar iyayenmu za ta iya yin wata uku ba ta furta jimla biyar ba. Amma a wajen koyar da karatun farko, harafi da sauti bi da bi, yawancin masu sa kai suna da rauni, sai wanda aka yi wa horo na musamman kuma akwai ma'aikaciya a bayansa tana duba shi. Wannan ma'aikaciyar ita ce ginshiƙin shirin gaba ɗaya, kuma albashinta ne abin da ake fara taɓawa in kuɗi ya yi ƙaranci. Tallafin da ake samu daga waje, irin wanda ƙungiyar laburaren Amurka ta fara rabawa a 2008 da kuɗin gidauniyar kamfanin Dollar General, yakan sayi littattafai da kwamfuta, ba ya riƙe ma'aikaci shekara da shekaru. In kika ga shirin da ba wanda ke kiran waya ya ji yadda ake ciki bayan an haɗa mutane, to ki rage buri a kansa.

Ki kuma yi wannan lissafi. Awa biyu a mako, mako hamsin, awa 100 ke nan a shekara. Jikanta da ke firamare yana cinye awa 100 cikin mako uku da 'yan kwanaki. Don haka in an shekara Hajiya ba ta zama Baturiya ba, kada a ce kanta ya toshe ko malamar ba ta iya ba. Abin da ya fi yi wa irinta shi ne a haɗa: aji don tsari, mai sa kai ko zaman hira don baki ya saki, gida don maimaici.

Za ki gane an dace da malama in Hajiya ta fi ta magana a zaman. Za ki ga ana aiki da takardun rayuwarta, katin ganin likita, kwalbar magani, taswirar jirgin ƙasa, takardar farashin kanti. Akwai wata dabara da nake koya wa duk wanda na horar: ɗaliba ta ba da ɗan labari da Turancin da take da shi, ko jimla uku ce, malama ta rubuta shi yadda ta faɗa, shi ne zai zama abin karantawa na ranar. Mace ta karanta labarin kasuwar garinsu ko na aurar da 'yarta da bakinta, wannan ya fi mata littafin yara sau dubu. In kuwa kika ji ana ta nahawu, ko malama ce ke ta zuba ita kaɗai, ko an fara shigo da wa'azin addini, ko ana ba ta shawara kan takardun shige da fice, ki koma wurin mai kula da shirin. Na ƙarshen nan haramun ne a aikinmu, na lauya ne. Neman canji ba cin fuska ba ne, mun saba, wani lokaci jini ne kawai bai haɗu ba. Haka nan tun farko ki faɗi cewa mace kuke so, ki faɗi lokutan salla, ki sanar da su in azumi ya gabato a sassauta. Ba a taɓa kawo mini irin wannan buƙata na ƙi ba. Abin da ke kashe zama shi ne rashin zuwa ba sanarwa. Mutumin da ya bar gidansa kyauta ya zo ya zauna jira sau biyu, na uku ba zai zo ba. In Hajiya za ta tafi gida ganin dangi wata biyu, a faɗa.

Ba ki yi maganar zama 'yar ƙasa ba, amma na san za a zo wurin. Mai katin zama na dindindin yakan nema bayan shekara biyar. A jarrabawar ana so ta amsa tambayoyin jami'i da Turanci, ta karanta jimla ɗaya daidai cikin uku, ta rubuta ɗaya daidai cikin uku, sai tambayoyin tarihi da tsarin mulki da baki. Ga waɗanda suka nema daga 20 ga Oktoban 2025, tambayoyin 128 ne, a yi har 20, a ci 12. Akwai sassaucin yin ta da harshen uwa ga mai shekara 50 da ya yi shekara 20 da katin, ko mai 55 da ya yi 15. Hajiya ta cika shekarun haihuwa, amma na zama da sauranta sosai. In tana so nan kusa, da Turanci za ta yi, kuma nan ne haddarta za ta yi mata rana. Laburare da yawa suna da aji na musamman don wannan.

Saura ke. Ki raka ta ganawar farko, ki yi tafinta, ki nuna mata hanya sau biyu ko uku, daga nan ki janye. Kada ki zauna a zaman, don muddin kina wurin ke za ta riƙa kallo kafin ta buɗe baki. Ki ja wa yara kunne a gida. Dariyar jika guda a kan lafazi ta isa ta rufe bakin kaka wata guda, na ga haka ba sau ɗaya ba. Gara a ba su aiki, kowa ya zama mai jin tilawar kaka na minti goma bayan magariba.

Shi kuwa asibitin da ke raba ki da aiki, ba sai an jira ta iya Turanci ba. Dokar jihar New York ta wajabta wa asibitoci su samar wa majiyyaci tafinta kyauta, kuma ana samun na Hausa ta waya. Ki rubuta mata a kati cewa Hausa take ji kuma tana son tafinta, ta riƙa miƙawa a tebur. Ko ta fara jin Turanci, maganar ciwo da magani a ci gaba da yin ta da tafinta.

Idan mai kula da shirin ta tambayi burinta, kada ku ce tana son ta iya Turanci, wannan ba ya gaya wa malama inda za ta fara. Ku ce tana so ta faɗi sunanta ta kuma jero haruffansa, ta faɗi adireshi da lambar wayarki, ta iya kiran lambar gaggawa ta 911 ta faɗi inda take, ta faɗi ranar haihuwarta a teburin asibiti. A wannan na ƙarshe ki tuna mata cewa a Amurka wata ake fara faɗa kafin rana, saɓanin yadda aka rubuta a takardunta na Nijar.